Ina Fama a Kwari, Ƙanwata Tana Yawo a Ingila

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 41, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ne babba a gida. A watan Satumbar da ya wuce autarmu ta tafi Ingila karatun digiri na biyu a wani gari da ke arewacin ƙasar. Sai da muka sayar da fulotin da mahaifinmu ya bari, da yardar kowa, kafin aka biya kashin farko na kuɗin makaranta da biza da tikiti. Ragowar kuɗin makarantar da na haya da na abinci kuwa a wuyana suke. Duk ƙarshen wata sai na je Wapa wajen 'yan canji, kuma Allah ne kaɗai Ya san yadda nake haɗa kuɗin, domin kasuwa ba kamar da ba.

Abin da yake damuna shi ne kusan duk ƙarshen mako sai na ga ta sa hotuna a WhatsApp, yau Landan, gobe bakin teku, jibi kan duwatsu da ƙawayenta. Ta ce ta sami ɗan aiki a wani kanti, amma ban san nawa take samu ba. Ƙanen mahaifiyarmu yana zaune a Birmingham da iyalinsa, ya kira Hajiya yana ƙorafin sau ɗaya tak ta je gidansa cikin wata biyar. A wajen wani biki wata 'yar'uwarmu ta yi wa matata habaici, wai mun sayar da gado mun tura yarinya yawon buɗe ido. Ita kuma Hajiya kullum maganarta a yi mata biza ta je ta ga 'yarta da idonta. Har yanzu ban yi wa yarinyar magana ba, don ina tsoron abin da zai fito daga bakina. Ina tunanin ko dai in rage abin da nake tura mata, ko in ce ta tattara ta koma gidan Kawu. Malam, a ba ni shawara.

Wani yaya daga Kano

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ina so ka fara sanin cewa ɓacin ranka yana da tushe. Mutumin da ya wuni a shago tsakanin bandiran atamfa yana jiran mai saye, aka kira la'asar bai yi wani cinikin kirki ba, sannan ya buɗe waya ya ga wadda yake wa wannan wahala tana murmushi a bakin teku, dole ne zuciyarsa ta sosu. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, fam ɗaya a farashin gwamnati bai kai naira 600 ba, a cikin 2024 kuwa sai da ya haura naira 2,000. Wanda ba ya ɗaukar kuɗinsa ya kai Wapa ya ga yadda tulin naira yake komawa 'yan takardu ƙalilan ba zai san nauyin da kake ɗauke da shi ba. Na kuma yaba maka da ka kame bakinka a lokacin da rai yake a ɓace, domin da ka kira ta a ranar da matarka ta dawo daga bikin nan, da yanzu gyaran da za a yi ya fi wannan wuya.

Sai dai shirun ya isa haka, kuma kafin ka karya shi ina so in nuna maka abin da hoto ba ya nunawa. Na yi karatu a arewacin Ingila, na san irin ɗakin da ƙanwarka take kwana: gado ɗan siriri, tebur, taga ɗaya, da dogon lungu mai ƙofofi a rufe waɗanda ba ka san sunan masu su ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba duk a yi su cikin awa huɗu, daga nan sai dare mai tsawo da ruwa yana dukan taga. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin mutum yana iya zama ba wanda ya yi masa sallama. Na tuna wata Lahadi da na kaɗa miyar kuka da ɗan abin da na taho da shi daga gida, na zuba tuwon semo a faranti, na zauna a bakin gado, sai na ga tun jiya ban furta kalma ko ɗaya ga ɗan'adam ba in ban da karatun sallah. Abincin bai ciwu ba. To ka dubi yarinyar da ta tashi a matsayin auta a gidan Kano, inda maƙwabta suke shigowa ba sai da dalili ba, masu talla suna leƙowa, yara suna kai da kawo, kiran sallah yana shigowa daga masallatai biyu ko uku a lokaci ɗaya. Mako yana da awa 168, hoton da kake gani na awa biyar ne ko shida daga ciki. Ragowar ta tafi ne a aji da ɗakin karatu da tsayuwa a kanti da wannan ɗakin da na kwatanta maka. Ɗalibai da yawa suna fita ƙarshen mako ne don kada kaɗaici ya kayar da su, kuma a ganina yarinyar da ta sami ƙawayen da za ta fita da su ta fi kwantar da hankali a kan wadda ta kulle kanta ba wanda ya san halin da take ciki.

Batun kuɗin yawon ma yana buƙatar a duba shi da ma'aunin can. Mu a nan idan aka ce mutum ya je wani gari shaƙatawa, sai mu lissafa kuɗin jirgi da otal. A can akwai manyan motocin safa masu haɗa garuruwa, waɗanda idan aka sayi tikitinsu da wuri wani lokacin bai kai fam 20 ba, ga katin rangwame na jirgin ƙasa da yake rage wa matasa da ɗalibai kashi ɗaya cikin uku. Manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta ake shiga, har da na Landan inda aka ajiye tagullar Benin da aka kwashe daga ƙasarmu a 1897. Bakin teku da duwatsu ba a biyan ko kwabo, kuma ƙungiyoyin ɗalibai, ciki har da ta ɗalibai Musulmi, sukan shirya tafiyar wuni ɗaya a tafi da safe a dawo da dare, kowa da guzurinsa a jaka. Dokar bizar ɗalibai ta ba ta damar yin aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 ya koma fam 12.21 a awa a watan Afrilun 2025, wato a lissafin lokacin wajen fam 244 a mako idan ta cika awoyin. Saboda haka yana yiwuwa ƙwarai kuɗin fitar nan guminta ne. Yana kuma yiwuwa ta wuce gona da iri, musamman idan akwai kwanan otal ko ƙawayen da suka fi ta ƙarfi take bi. Ni da kai duka ba mu gani ba, kuma Alƙur'ani a Suratul Hujurat, aya ta 12, ya hore mu da nisantar yawan zato. Amma ko da ya tabbata guminta ne, ina tare da kai a kan abu ɗaya: muddin akwai ragowar kuɗin makaranta a wuyanka, adalci ne wani kaso na albashinta ya riƙa shiga can.

A nan ne nake ganin kana da naka kason laifin, kuma na faɗa ne don na ga kai mai son gaskiya ne. Mu manyan gida mun saba da ɓoye wahala, idan ƙani ya tambaya yaya kasuwa sai mu ce alhamdulillahi, kuɗi kuma ya shiga asusunsa ranar da aka saba. Ita abin da take gani ke nan. Ba ta san ko ka karya farashin kaya don ka cika kuɗin haya ba, ba ta san ko ka jinkirta wata buƙatar gidanka ba. Mace ce mai digiri, wadda take zaune ita kaɗai a wata ƙasa tana biyan haya tana zuwa aiki, don haka ta kai a buɗe mata littafin lissafi ta gani.

Rage mata kuɗi ba tare da magana ba shi ne mafi hatsari cikin abubuwa biyun da kake tunani. A farkon 2025 ma'aunin da hukumar Birtaniya ta sa na kuɗin zaman ɗalibi shi ne fam 1,136 a wata a wajen Landan, fam 1,483 a cikin Landan. Ka kwatanta wannan da abin da kake turawa, mai yiwuwa ka ga aikin nata ne yake cike giɓin da ba ka san da shi ba. Ɗalibin da aka matse yakan faɗa aikin ɓoye ya wuce awa 20, wanda karya sharaɗin biza ne kuma yana iya jawo a soke ta. Idan kuma kuɗin makaranta ne ya makara, jami'a tana iya cire ɗalibi ta sanar da ma'aikatar cikin gida, kamar yadda ya faru da wasu ɗaliban Najeriya a wata jami'a ta arewa maso gabashin Ingila a 2024, bayan faɗuwar naira ta cinye ajiyarsu. Idan haka ta faru, fulotin ya tafi, digirin bai samu ba. Komawa gidan Kawu ma ba ta da sauƙin da ake gani daga nan. Jami'o'i suna bibiyar halartar ɗaliban waje saboda sharaɗin biza, tafiya daga Birmingham zuwa arewa kullum za ta cinye fiye da kuɗin hayar, kuma kwangilar ɗakin ɗalibai yawanci ta kusan shekara ce, ko ta tashi sai an biya. Ban da haka, tura ta gidan a matsayin horo zai sa ta shiga da ɗaci, su kuma su karɓe ta a matsayin wadda aka kawo tsaro, zumuncin da ake son gyarawa sai ya ƙara lalacewa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka kira ta ta bidiyo, kai da ita kawai, ba a gaban Hajiya ba, ba a gaban matarka ba. Ka zaɓi lokacin da ba ta dawo daga aiki a gajiye ba, ka tuna a lokacin sanyi muna gabansu da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma agogonmu ɗaya ne. Kada ka fara da hotuna. Ka fara da tambayarta yadda take kwana da tashi, me take ci, su wane ne ƙawayen nan, 'yan ina ne, ina take sallar Juma'a idan tana zuwa, wane darasi ne yake ba ta wuya, sannan ka yi shiru ka saurara har ta gama, ko da ta yi kuka. Bayan haka sai ka ce mata wani abu kamar haka: "Auta, ina so ki san yadda abubuwa suke a nan, ba don in ɗora miki nauyi ba, sai don ke ma babba ce yanzu. Ga abin da ya rage na makaranta, ga abin da nake turawa a naira, ga yadda kasuwa take. Ki nuna mini naki lissafin mu ga yadda za mu kai ƙarshen shekarar nan lafiya." Ina kyautata zaton za ka ji abin da ba ka zata ba.

Daga nan ku yi yarjejeniya bayyananniya. Ku tsayar da adadin da za ka riƙa turawa da ranar turawa, ita ma ta tsayar da abin da za ta riƙa ajiyewa daga albashinta don kuɗin makaranta, abin da ya rage nata ne, ba sai ta ba da bahasin kowane fam ba. Fita ta nesa a mayar da ita kamar sau ɗaya a wata, a fi son ta wuni ɗaya, a dakatar da ita lokacin jarrabawa da miƙa ayyuka. Duk inda za ta je ta sanar da kai ko Hajiya kafin ta tashi, da waɗanda za su tafi tare, da inda za a kwana idan da kwana, kuma ka bayyana mata cewa wannan saboda tsaronta ne da kwanciyar hankalin mahaifiyarta. Tsallakawa Faransa ko wata ƙasar Turai a bar shi tukuna, domin bizar Birtaniya ba ta shiga can, sai an nemi wata an biya. Ka nemi ta riƙa nuna maka sakamakonta, domin shi ne zai gaya maka ko yawon yana taɓa abin da ya kai ta. Idan ka ga 62 ko 65 kada hankalinka ya tashi, a yawancin jami'o'in can 50 ne makin ci a digiri na biyu, 60 sakamako ne mai kyau, 70 kuwa shi ne matakin ƙoli. Ka kuma tuna mata cewa karatun shekara ɗaya ne tak, watannin bazara na rubuta kundin bincike ne, kuma jami'o'i da dama suna lissafa su cikin lokacin karatu, don haka ta tambayi ofishin ɗaliban waje kafin ta ƙara awoyin aiki. Idan a hirar ka fahimci ba ta barci, ko ba ta cin abinci, ko kuka ya yi mata yawa, ka matsa mata ta ga likita. Kun riga kun biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara, kuma jami'o'i suna da sashen ba da shawara kyauta.

Hotunan kuwa, ka roƙe ta da lalama ta taƙaita masu ganinsu, WhatsApp yana da wannan tsarin. Ka nuna mata cewa a dangi akwai waɗanda abincin dare yake gagara, kuma tausaya musu yana daga cikin ladabi. Habaicin biki ba ya buƙatar amsa. Sai dai ya tuna mini da abin da ya fi shi muhimmanci: fulotin gado ne, kuma yardar baki takan yi rauni idan shekaru suka ja. Ku zauna da sauran magada a rubuta kason kowa, a bayyana wanda ya bayar kyauta da wanda ya bayar rance, da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi. Ita ma a aika mata ta gani ta sa hannu.

Kawu yana da gaskiyarsa, zumunta a ƙafa take, kuma ziyara ɗaya cikin wata biyar ta yi kaɗan ga ƙanen uwa. Amma ka tambaye ta dalili ba tare da ka riga ka yanke hukunci ba. Wataƙila ranar Asabar take aiki, wataƙila kunya ce, wataƙila kuma ta je ta ga wani abin da bai yi mata daɗi ba ta yi shiru don kada ta haɗa Hajiya da ƙanenta. Idan babu wata matsala, a tsayar da zuwa duk bayan mako shida ko makamancin haka, a ƙara da hutun makaranta da Sallah da wasu kwanaki na azumi, lokacin da buɗa-baki a cikin iyali zai fi yi mata amfani fiye da kowa. Kai kuma ka kira Kawu da kanka, ka gode masa, ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi shi da iyalinsa su ma su leƙa ta wata rana su ga inda take zaune.

Za ka buƙaci Kawu ƙwarai idan aka zo batun Hajiya. Burinta na ganin autarta abu ne da ya kamata a girmama, kada a ce mata a'a, a ba ta lokaci ne da za ta riƙa ƙirgawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bikin yaye ɗalibai, bayan an gama biyan makaranta, domin takardar gayyatar bikin tana ƙarfafa neman biza, kuma tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu. Bizar ziyara tana ba da damar zama har wata shida, ana iya nema tun wata uku kafin tafiya, amsa yawanci tana fitowa cikin mako uku, kuma idan aka hana ba a mayar da kuɗi. Abin da suke dubawa shi ne wa zai ɗauki nauyin tafiyar, daga ina kuɗin ya fito, kuma mene ne zai dawo da ita gida. Kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne zuba maƙudan kuɗi a asusun tsohuwa ana saura mako biyu, wannan yana jawo tuhuma. Gara ka fito a matsayin mai ɗaukar nauyi da takardun bankinka da na kasuwancinka na watanni, a faɗi gaskiya a kowane layi, kuma ka yi hattara da dillalan da suke alkawarin biza tabbas. Ɗakin ɗalibai ba ya ɗaukar baƙo na makonni, don haka gidan Kawu ne masaukinta, takardarsa ta gayyata da shaidar gidansa za su shiga cikin takardun. Bikin waɗanda suka gama a Satumba yakan faɗo cikin sanyi, idan Hajiya tana fama da ciwon ƙafa ko hawan jini, ƙanwarka ta tambaya ko jami'a za ta bari ta ɗage nata zuwa na bazara. A yi mata inshorar lafiya, domin baƙo yana biyan kuɗin kwanciya asibiti a can kuma yana da tsada. Daga Abuja akwai jirgi kai tsaye na awa shida da ɗoriya, wanda ya fi wa dattijuwa sauƙi a kan sauka a Alƙahira ko Addis Ababa idan aka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma ana iya neman a tura ta a keke a filin jirgi tun lokacin sayen tikiti. Ka gaya mata tun yanzu cewa kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Birtaniya daga nan, domin na san su ne farkon abin da za ta fara tanada.

Kafin wannan lokaci ya zo, ku sa wa Hajiya rana biyu a mako da za ta riƙa ganin 'yarta ta bidiyo, yarinyar ta zagaya da ita ɗakin da kicin da hanyar da take bi zuwa makaranta, ta kuma gabatar mata da ƙawayen nan su gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma ka yi kiranka cikin makon nan, kafin ƙarshen wata ya zo ka sake tafiya Wapa da abin a ranka. Allah Ya buɗa maka kasuwa, Ya jiƙan mahaifinku, Ya dawo da ita lafiya da abin da ta je nema. Idan kun yi maganar, ka rubuto mini yadda ta kaya.